Bindigar iska ta PCP: Abin da ke sa harbi ya warwatse da yadda ake daidaita madubinta

Akwai wani ƙorafi da ba ya ƙarewa a bakin masu bindigar iska ta zamani da ake kira PCP. Jiya an saita madubi, ƙwaya biyar sun shiga rami ɗaya. Yau an fito da bindigar, sai ga harbi ya yi ƙasa ko ya zame gefe. Abin da akasari ke yi shi ne su kai hannu kan majuyin madubin, su murɗa sama su murɗa gefe, har gwangwanin ƙwayar dalma ya kusa ƙarewa ba a dace ba. Daga nan wasu sai su yanke hukunci cewa madubin jabu ne, su nemi wani.

Sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. Madubi yana nuna inda ake so ƙwaya ta faɗa ne kawai. Kafin ta isa can, sai ta dogara da yawan iskar da ta turo ta, da siffar jikinta, da yadda madubin ya zauna a kan bindigar, da kuma hannun mai harbi. Duk wanda ya taɓa majuyi kafin ya tabbatar da waɗannan, yana gyara abin da bai lalace ba, ya bar abin da ya lalace.

Lamarin ya wuce wasa. Ga mai gidan kaji ko mai rumbun hatsi da ke fama da ɓeraye, kuskuren santimita 3 na nufin dabba ta gudu da rauni, ko ƙwayar ta wuce ta sami abin da ba a nufa ba. Ga mai gasa, maki ne ya tafi. Ƙwayar dalma mai kyau kuma daga Turai ake kawo mafi yawanta, ba ta da arha.

Yadda bindigar ke aiki

PCP taƙaitaccen suna ne da ke nufin bindigar da ake ɗura wa iska tun kafin a fara harbi. Tana da tukunya a ƙarƙashin bututu ko a gindinta, wadda ake cikawa da iska mai matsin bar 200 zuwa 300, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Don a kwatanta, gejin tayar ƙaramar mota bai fi bar 2 da ɗoriya ba. Idan aka ja kunama, wata ƙaramar guduma ce ke bugun bawul, bawul ya buɗe na ɗan lokaci, iska ta fito ta tura ƙwayar.

Fasahar ta daɗe. Wajen shekarar 1779 wani maƙeri mai suna Bartolomeo Girardoni ya ƙera bindiga mai tukunyar iska, wadda sojojin Austiriya suka yi amfani da ita daga 1780 har zuwa wajen 1815. Irin wannan bindiga ce Lewis da Clark suka riƙe a tafiyarsu ta ratsa yammacin Amurka tsakanin 1804 da 1806. Samfurin zamani ya bunƙasa ne a Ingila a shekarun 1980, tare da wata gasa da ake kira Field Target, inda ake harbin allunan ƙarfe daga nisan mita 9 zuwa 50, kuma ramin da ake nema faɗinsa milimita 15 ne, ko 25, ko 40. A yau kamfanoni irin su Daystate, Air Arms da BSA a Ingila, FX a Suwidin, Weihrauch a Jamus, da Hatsan da Kral a Turkiyya duk suna ƙera ta.

Abin da ya sa ake son ta shi ne kusan ba ta da bugu a kafaɗa, saɓanin mai sifirin da ake karyawa a ɗana. Wannan ne ma ke sa duk wani ɗan kuskure ya fito fili a takarda, domin babu girgizar da za a ɗora wa laifi.

Mataki na farko: iska

Bindigogin PCP iri biyu ne. Akwai mai regileta, wadda aikinta ya yi kama da na regiletar tukunyar gas ta girki: tana karɓar iska mai matsi sosai, ta sauke ta zuwa matsi ɗaya tsayayye kafin kowane harbi. Akwai kuma marar regileta, wadda gudumarta ke kokawa kai tsaye da duk matsin da ke cikin tukunya.

A marar regileta, gudun ƙwaya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Lokacin da tukunya ke cike maƙil, matsin yana danne bawul, guduma ba ta iya buɗe shi sosai, sai harbin farko-farko ya fito da rauni. Da matsin ya ɗan sauka sai gudu ya ƙaru, ya daidaita na ɗan lokaci, sannan ya fara faɗuwa. Wannan tsakiyar, inda gudu ke daidai, ita ce ake nema. Shi ya sa ƙara iska fiye da ƙima ba ya ƙara ƙarfi. Yana rage shi, wani lokaci ma bawul ya ƙi buɗewa gaba ɗaya.

A mai regileta, gudu na zama ɗaya har sai matsin tukunya ya sauka ƙasa da inda aka saita regiletar, daga nan sai ya canza. Wasu regiletocin kuma, idan bindiga ta kwana a ajiye, matsinsu yakan ɗan haura a hankali, harbin farko ya bambanta da sauran. Saboda haka masu gasa kan saki harbi ɗaya ko biyu a wuri mai aminci kafin su fara lissafi.

Lissafi zai nuna muhimmancin wannan. Ƙwaya mai faɗin milimita 4.5 da nauyin giram 0.547, idan ta fita da gudun mita 240 a daƙiƙa, kafin ta kai mita 50 nauyinta ya ja ta ƙasa da wajen santimita 26 daga layin bututu. Idan gudun ya ragu da mita 10 kacal a daƙiƙa, faɗuwar za ta ƙaru da wajen santimita 2. A mita 25 bambancin bai fi rabin santimita ba, shi ya sa mutum zai iya daɗewa bai lura ba sai ranar da ya matsa nesa.

Hanyar ganewa ita ce na'urar auna gudun harsashi. A cika tukunya zuwa iyakar da kamfani ya faɗa, a yi ta harbi da irin ƙwaya ɗaya, ana rubuta gudun kowace da kuma abin da geji ke nunawa bayan kowane harbi goma. A ƙarshe za a ga daga wane matsi zuwa wane matsi ne gudun bai bambanta da fiye da mita 5 ko 6 a daƙiƙa ba. Wanda ba shi da na'urar zai iya yin gwajin a takarda daga mita 40, rana marar iska: ya zana ɗigo da yawa, ya yi harbi biyar-biyar a kowane ɗigo, ya lura da inda tarin ya fara hawa da inda ya fara sauka. Sai a rubuta lambobin biyu a manna a gindin bindigar. Duk saitin da za a yi nan gaba, a cikin wannan tsakani za a yi shi.

Zafi da ƙura

Ga masu zama a ƙasashen Sahel da gefensu, yanayi ma yana da nasa rabo. Iskar da ke kulle a tukunya tana ƙara matsi idan ta yi zafi. Tukunyar da aka cika zuwa bar 200 da safe a ma'aunin zafi 25, idan aka bar ta a motar da rana ta dafa har zafin ciki ya kai 60, matsinta zai haura bar 220. A bindiga marar regileta wannan ya isa ya fitar da ita daga tsakanin da aka auna. Haka kuma iska kan yi zafi lokacin ɗuri, geji ya nuna adadi mai yawa, bayan minti kaɗan ya sauka. A riƙa ɗuri a hankali, a jira ta huce, sannan a karanta gejin.

Ƙurar hunturu kuwa abokiyar gabar bawul ce. Ƙwayar yashi ɗaya a bakin ɗuri na iya shiga ta zauna a kan zoben roba, iska ta riƙa zurarewa a hankali. A riƙa rufe bakin ɗurin da marfinsa, a ajiye tiyon famfo a cikin leda. Da damina kuma, famfon hannu na tura danshi cikin tukunya, wanda ke jawo tsatsa, don haka ana buƙatar matatar danshi a jikin famfon.

Abubuwa biyu ne ba a gwada su ko da wasa. Ba a ɗura wa bindigar iskar oksijin ta masu walda, domin oksijin mai matsi idan ya haɗu da maiƙo yana kamawa da wuta, tukunya ta fashe. Ba a kuma shafa man inji ko wani mai na fetur a wuraren da iska mai matsi ke bi. Giris na silikon kaɗai ake sa wa zobban roba, shi ma kaɗan.

Mataki na biyu: ƙwaya da bututu

Kowane bututu da irin ƙwayar da yake so, ko da bindigogi biyu sun fito daga kamfani ɗaya a rana ɗaya. Kamfanoni irin su JSB na Jamhuriyar Cek da H&N na Jamus suna rubuta girman kan ƙwaya a jikin gwangwani: 4.50, 4.51, 4.52, ko kuma 5.50, 5.51, 5.52. Wannan bambanci na kashi ɗaya cikin ɗari na milimita yakan canza girman tarin harbi. Mai zagayayyen kai ta fi dacewa da nesa. Mai shafaffen kai ta gasar mita 10 ce. Mai tsini tana da ban sha'awa a ido amma galibi ba ta taruwa wuri ɗaya.

Ana gwada iri uku ko huɗu, harbi goma-goma, daga kan tebur da buhun yashi a ƙarƙashin bindiga. Tarin harbi uku ba ya nuna komai, domin sa'a ma kan haɗa uku. Idan aka sami wadda ta fi, a tsaya a kanta, a sayi gwangwani da yawa lokaci ɗaya in da hali. Ƙwayar da bakinta na baya ya lanƙwashe saboda faɗuwar gwangwani ko gogayya a aljihu, a ware ta.

Gudu mai yawa ma ba alheri ba ne. Sauti na tafiya da gudun wajen mita 343 a daƙiƙa a ma'aunin zafi 20, kuma ƙwaya mai siririn ƙugu tana fara tangaɗi idan ta kusanci wannan gudu. Shi ya sa gogaggun maharba ke tsayar da ita ƙasa da mita 280 ko 290 a daƙiƙa, su ƙara nauyin ƙwaya idan ƙarfi suke so.

Bututun bindigar iska ba ya buƙatar wanki kullum. Sai an ga tarin harbi ya fara buɗewa babu dalili, sannan a ja ɗan tsumma mai tsabta da zare mai ƙarfi daga baya zuwa gaba, ba tare da sandar ƙarfe ta goge bakin bututun ba. Bayan wanki bindiga kan buƙaci harbi 20 zuwa 30 kafin ta dawo daidai, saboda sai dalma ta sake shafe cikin bututun. Idan akwai salansa, a leƙa bakinta: alamar gogewar dalma a gefen ramin na nufin ƙwaya na taɓa ta a hanyar fita. A kuma tabbatar notocin da suka haɗa ƙarfen bindiga da katakonta ba su saki ba.

Mataki na uku: zaman madubi

Sai yanzu aka zo kan madubi, wanda masu Faransanci ke kira lunette. Farko a duba dacewar kaya. Layin da ake ɗaura madubi a kan bindiga iri biyu ne aka fi sani: siriri mai faɗin milimita 11, da mai tsaga-tsaga da ake kira Picatinny mai faɗin wajen milimita 21. Jikin madubi kuma ko inci 1 ne, wato milimita 25.4, ko milimita 30. Zobban da ba su dace da waɗannan ma'aunai ba, komai ɗaurinsu za su karkatar da madubin.

Kafin a ɗaura, a mayar da majuyan biyu tsakiya. A murɗa na sama a hankali har ya tsaya, a dawo ɗaya ƙarshen ana ƙirga kowane "ƙas", a raba adadin biyu, a koma tsakiya. Haka za a yi wa na gefe. Dalili shi ne a cikin madubin akwai ƙaramin bututu da sifirin ke tokare da shi. Idan aka murɗa majuyi har kusa da ƙarshe, sifirin ɗin ya saki ko ya matse fiye da ƙima, sai bututun ya riƙa motsi tsakanin harbi da harbi. Wannan na daga cikin manyan dalilan da ke sa saitin jiya ya ɓace yau.

Daga nan a ɗora madubin a zobba ba tare da an ɗaure ba. Mai bindiga ya rufe ido, ya ɗaga ta zuwa kafaɗa yadda ya saba, ya kwantar da kunci, sannan ya buɗe ido. Idan sai ya miƙa wuya ko ya ja baya kafin ya ga cikakken da'ira babu baƙin inuwa, madubin ne za a matsar, ba kai ba. A yi wannan gwaji a mafi girman ƙarfin kusantowa, domin a nan ne tazarar ido ta fi ƙuntata.

Sai batun karkata, wanda aka fi rainawa. A cikin madubi akwai layin tsaye da layin kwance da suka gitta juna. Dole layin tsaye ya ratsa ta tsakiyar bututu, kuma ya yi daidai da yadda abu ke faɗuwa ƙasa. A kafa bindigar a kan tebur, a ɗora ƙaramin ma'aunin magina mai kumfar iska a kan shafaffen wuri na ƙarfenta har kumfar ta tsaya tsakiya. A rataye zare mai dutse a ƙasa daga nisan mita 10, a juya madubin cikin zobbansa har layin tsaye ya kwanta a kan zaren. Sannan a ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, ana lura kada madubin ya juya, kuma tazarar da ke gefen zobban ta zama ɗaya hagu da dama. Yawancin kamfanoni na ba da shawarar ɗauri tsakanin niyuton-mita 1.7 da 2 ga marfin zobe. Ɗaurin da ya wuce haka yana lotsa jikin madubi.

Girman matsalar karkata ya danganta da yawan faɗuwar ƙwaya, kuma ƙwayar bindigar iska tana faɗuwa sosai. Minti ɗaya a fuskar agogo digiri 6 ne. Idan mai harbi ya karkatar da bindigar da aka saita a mita 50 da wannan ɗan kaɗan, faɗuwar santimita 26 da aka ambata za ta jefa ƙwayar gefe da kusan santimita 3. A ramin gasa mai faɗin milimita 40, daga tsakiya zuwa baki santimita 2 ne kawai. Shi ya sa da yawa ke maƙala ƙaramin ma'aunin kumfa a jikin madubi, su riƙa duba shi kafin kowane harbi.

Ido da nisa

Zoben da ke kusa da ido na daidaita kaifin layukan ne da idon mai bindiga. A fuskanci farin bango ko sararin sama, nesa da inda rana take, a leƙa na daƙiƙa biyu, a kau da kai, a juya zoben, a sake leƙawa, har layukan su fito rangaɗau tun kallon farko. Da an samu a bar shi.

Akwai kuma abin da ake kira faralas. Idan hoton abin da ake kallo da layukan madubi ba su faɗa wuri ɗaya a cikin madubin ba, duk motsin kai zai sa layukan su yi kamar suna yawo a kan abin. Madubin da aka yi wa bindigar albarushi galibi an tsayar da shi a yadi 100, wato wajen mita 91, don haka a mita 15 ko 20 yana ba da kuskure mai yawa. Bindigar iska na buƙatar madubi mai zobe a gaba ko majuyi a hagu wanda ke sauka har zuwa mita 10. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kafa bindiga a buhun yashi, a cire hannu, a motsa kai sama da ƙasa. Idan layukan sun motsa a kan takarda, a juya zoben har su tsaya cak. Lambobin nisa da aka rubuta a jikin zoben ba kullum suke daidai ba, kuma masu gasar Field Target sun san cewa zafin rana na sauya su. Ido ne alƙali, ba rubutun ba.

Mataki na huɗu: saiti

A fara daga mita 10 da babbar takarda, da tudun ƙasa ko buhunan yashi a bayanta. Manufar wannan ita ce a ga inda ƙwaya ke faɗawa, a gyara hagu da dama. Sannan a koma nisan da ake so a saita, mita 25 zuwa 35 ga yawancin bindigogi, da sassafe kafin iska ta tashi.

A yi harbi biyar a ɗigo ɗaya ba tare da taɓa komai ba. A nemi tsakiyar tarin, a auna da rula nisanta daga ɗigon, sannan a yi lissafi. A madubin da aka rubuta wa 1/4 MOA, "ƙas" ɗaya yana matsar da harbi milimita 7.3 a mita 100, wato milimita 1.8 a mita 25. A wanda aka rubuta wa 0.1 MIL, santimita 1 ne a mita 100, wato milimita 2.5 a mita 25. Idan tarin ya faɗa ƙasa da santimita 4 a mita 25, na farko zai buƙaci "ƙas" 22, na biyu 16. Mutane da yawa kan murɗa uku ko huɗu, su ga babu canji, su ɗauka madubin ya mutu, alhali nisan ne ya yi kusa.

Idan sai an murɗa majuyin sama har kusa da ƙarshe kafin a dace, matsalar daga zaman madubin take. Maganinta zobba masu daidaituwa, waɗanda ake iya ɗaga na baya kaɗan. Cusa takarda ko leda mai kauri a ƙarƙashin madubi na iya lanƙwasa shi idan aka ɗaure.

Bayan saiti, gwaji biyu na tabbatar da aikin. Na farko: a yi harbi, a murɗa 20 sama a yi harbi, 20 dama, 20 ƙasa, 20 hagu, duk ana auna ɗigo ɗaya. Ramukan su zana murabba'i, na ƙarshe ya koma kan na farko. In bai koma ba, to yanzu ne za a iya zargin madubin. Na biyu: a yi harbi a mita 15, da 30, da 45. Idan a kusa ƙwaya na faɗawa hagu, a nesa kuma dama, ko akasin haka, madubin bai zauna daidai saman bututu ba, ko ya karkata.

Ƙwaya na ratsa layin gani sau biyu

Madubi yana sama da bututu da wajen santimita 5, don haka bututun na ɗan kallon sama. Ƙwaya na fita ƙasa da layin gani, ta hau ta ratsa shi, ta ɗan yi sama, sannan ta sauko ta sake ratsa shi. Da ƙwayar da aka yi misali da ita, idan an saita a mita 35, ratsawar farko za ta kasance wajen mita 13, a mita 25 tana sama da wajen santimita ɗaya da rabi, a mita 5 kuma tana ƙasa da kusan santimita 3. Wannan ne ke sa mai harbin ɓera a cikin ɗakin ajiya ya riƙa bugun ƙasa, duk da cewa saitinsa na nesa daidai ne.

Kowa ya yi nasa jadawalin: harbi a mita 5, 10, 15, har zuwa iyakar inda yake harbi, ya rubuta ɗigon layin tsaye da ya kamata ya ɗora a kowane nisa. A yawancin madubai masu matsakaicin farashi, layukan ba sa girma idan aka ƙara ƙarfin kusantowa, saboda haka jadawalin na aiki ne kawai a ƙarfin da aka yi shi.

Iskar gari ma tana da tasiri. Iska mai gudun mita 2 a daƙiƙa, wadda da ƙyar take kaɗa ganye, idan ta bugo daga gefe tana iya ture wannan ƙwaya da santimita 5 zuwa 6 a mita 50. Ba a taɓa majuyi saboda iskar rana ɗaya. Ana karkata saiti ne zuwa inda take fitowa.

Mataki na ƙarshe: mai harbi

Ƙwayar bindigar iska tana daɗewa a cikin bututu fiye da harsashin albarushi, don haka duk motsin da aka yi a lokacin jan kunama yana bin ta. Kunci ya zauna wuri ɗaya kowane lokaci. Katakon bindiga ne ake ɗorawa a kan buhu ko hannu, ba bututu ba. A fitar da rabin numfashi, a dakata, a matsa kunama da tsokar yatsa kai tsaye zuwa baya, ba fizga ba. Bayan harbi ido ya ci gaba da kallo ta madubi har a ga inda ƙwayar ta faɗa. Idan an wuce daƙiƙa bakwai ko takwas ba a saki ba, a sauke a sake numfashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙaramin littafi na taimakawa fiye da sabon madubi: ranar gwaji, irin ƙwaya, matsin farawa, nisa, yanayin iska, da girman tari. Ranar da harbi ya canza, a canza abu ɗaya kawai a sake gwadawa.

Doka da aminci

Dokar bindigar iska ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, abin da ya shafi masu zirga-zirga tsakanin iyakoki kai tsaye. A Faransa baligi na iya sayen wadda ƙarfinta bai kai jul 20 ba, daga nan zuwa sama kuma sai an bi ƙa'idar rajista. A Jamus iyakar ita ce jul 7.5. A Ingila wajen jul 16 ne, kuma ƙwayar da aka yi misali da ita a sama tana ba da jul 15.75. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigogin iska cikin jerin waɗanda sai da lasisi ake riƙe su. Abin da aka saya cikin halal a wata ƙasa na iya zama laifi da zarar an tsallaka iyaka, kuma a shingen bincike bindigar PCP mai madubi da salansa ba ta da bambanci a ido da ta albarushi. A tuntuɓi ƴan sanda ko jandarmomi da jami'an kwastan na ƙasar da za a shiga kafin a ɗauko ta, a kuma riƙe takardu a hannu.

Ƙwayar dalma na iya kashe mutum, kuma takan yi tsalle idan ta bugi dutse, siminti ko saman ruwa. Ba a harbi sai an san abin da ke bayan abin da ake auna. A ajiye bindiga babu ƙwaya a ciki, a wurin da yara ba sa kaiwa, a kwashe dalmar da ta zuba daga inda kaji da awaki ke kiwo, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.